Haƙorin Ɗana da Awartakin Wanzami

Jinin ɗana ba ya tsayawa. Ranar kaciyarsa muka gane. Kwana uku yana zuba, sai da aka kai shi asibiti a Sakkwato aka ƙara masa jini. Likita ya ba ni kati, ya ce kada a tsaga, kada a cire komai a jikin yaron sai an fara yi masa wata allura. Ban iya karatu ba. Na naɗe katin a leda na ɗaure a bakin zane. Ranar da ɓarayin daji suka kore mu daga Shinaka, yaron da katin kawai na ɗauko. Ubansa bai fito da rai ba.

Muka zauna Goronyo, gidan wan mijina. Shi ya ba mu ɗaki, shi yake ba mu hatsi. Ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba.

Da yaron ya kai shekara tara, turmin haƙorinsa ya ruɓe. Na sa kanumfari, na ba shi ruwan gishiri mai ɗumi. Kuncin ya kumbura kamar albasa. Ko fura ya daina sha. A lokacin motocin Sakkwato ba sa fita sai ranar kasuwa, a jere, saboda ɓarayin hanya. Saura kwana biyu.

Da hantsi wan mijina ya shigo da wanzami, tsoho, da zabirarsa a kafaɗa. Ya zauna a tabarma ya fito da awartaki yana gogewa. Ni kuma na ɗauki taɓarya na tsaya a ƙofar ɗaki.

Wan mijina ya ce, “Ke, mi kika nuhi? Kauce ki ba mutane wuri.”

Na ce, “Yaya, ba a taɓa shi.”

“Ɗan ƙanena na. Kukanai bai ishe ki ba?”

“Ya ishe ni. Ba a taɓa shi.”

Wanzamin ya yi dariya. “Ɗiyata, aje taɓarya, ba dawa nike ba. Shekara arba'in ina hidda haƙori. Kahin ki ce wayyo na gama.”

Na kwance ledar da hannu ɗaya na jefa masa katin. Ya juya shi sama da ƙasa. Shi ma bai iya karatu ba.

Na ce, “Sarkin aska, jininai ba ya tsayawa. Da anka yi mai kaciya kwana ukku ya yi.”

Dariyar ta tsaya. “Ukku? An sa toka? An ɗaure?”

“An yi duka.”

Ya daɗe yana kallon awartakin. Daga cikin ɗaki yaron yana nishi. Sai ya ce, “Na taɓa gamuwa da irinai a garin Rara. Haƙori guda.” Bai ƙarasa ba. Ya mayar da kayansa a zabira, ya ɗauki takalmansa.

Wan mijina ya nuna ni da yatsa. “In kumburin ga ya kashe shi, ke kinka kashe shi.”

Gaskiya ya faɗa. Washegari zazzaɓi ya rufe yaron, idonsa ɗaya ya shige cikin kumburi. Ina ɗiga masa koko da cokali ta gefen baki. Sau biyu na tashi zan aika a kira wanzamin. Sau biyu na koma na zauna.

Ranar kasuwa muka shiga mota ta uku a jerin, kansa a cinyata. A asibiti na miƙa katin. Suka kwantar da shi, suka sa masa ruwa, sai da kumburin ya sauka suka yi allurar, suka cire haƙorin. Na tsaya ina kallon audugar da ya cije. Ta yi ja. Aka canza. Ta yi ja. Ta huɗu ta fito kusan fara.

Muka dawo gida. Wan mijina ya aiko wa yaron nono a ƙwarya. Haƙorin yana cikin ledar tare da katin.