Wat Biyar don Kunnen Baba

Ni mai gyaran rediyo ne, kuma a shekarun da nake magana ina da rumfa a kasuwar Ɗambatta, bayan 'yan hatsi. Shekarun nan ne da sabulu ya zama abin bin layi, gidaje suka koma tuwo sau ɗaya a rana, malaman makaranta suna zuwa aji da fartanya ɗaure a bayan keke don su zarce gona. Gyara ya ɗauke. Wanda rediyonsa ya mutu sai ya je ya ji labarai a gindin na maƙwabci. Abin da ya riƙe ni shi ne hayar lasifika. Ina da wata shirgegiyar amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, mai ƙarfin wat ɗari, da ƙahonin lasifika biyu da ake ɗaurewa a kan bishiya, kuma ina ji da ita ƙwarai. A wajenmu, in aka yi biki mutanen ƙauyen gaba ba su toshe kunne ba, to mai bikin bai fita kunya ba. Ko murya ta tsage, ko waƙa ta koma gurnani, ba ruwan kowa, in dai akwai ƙara.

Wata ranar kasuwa wani hedimasta daga ƙauyukan wajen Bagwai ya tsaya a bakin rumfata, da jita rataye a bayansa cikin buhun taki. Dogo ne siriri, rigarsa ta sha wanki har wuyan ya fara zare. Na san shi sama-sama. A kwalejin horon malamai ya koyi jita, kuma mutanen garinsu suna masa kallon mai ɗan taɓin hankali saboda haka.

Ya zauna ya yi mini bayani a natse, kamar yana gaban 'yan aji. Mahaifinsa mai gurmi ne. A da, in an yi gayya, wato an taru an nome wa mutum ɗaya gonarsa, idan aka zauna shan fura a inuwa shi ke kaɗa wa kowane gida takensa. Kowane gida da nasa kiɗan, ba a haɗa na wani da na wani. To gayya ta mutu, don ba mai iya ciyar da ƙarti arba'in a wuni. Tsohon kuma yatsunsa sun ƙage, kunnensa ya yi nauyi. Malam ya kwashe taken gidajen garin kaf ya ɗora a kan jita, sai guda ɗaya, na gidan maƙera. Ya san farkonsa, ya san ƙarshensa, amma tsakiyar ta ɓace masa, domin tun yana yaro duk sanda aka zo wurin sai maza su ɓarke da ihu, bai taɓa jin abin da gurmin yake yi a ƙarƙashin ihun ba. Maƙeran sun watse, tsohonsu ya rasu, samarin sun tafi birni. Babu wanda ya rage da sanin kiɗan sai Baba, mahaifin nasa, shi kuwa ba ya jin jitar balle ya gyara.

Na ce masa, "Malam, ai wannan ba matsala ba ce. Kurma ma sai ya ji tawa."

Ranar Juma'a da hantsi na ɗora kayana a amalanke, har da janareta da ɗan man da na yi ta lallaɓawa. Na liƙa wa jitar ɗan maganaɗisu mai ɗaukar sauti a ƙarƙashin wayoyinta, na ɗaure ƙaho a kan darbejiyar ƙofar gidansu, na saita shi daidai kan tsohon da ke zaune a tabarma. Malam ya taɓa waya ɗaya. Kaji suka watse, wani jaki ya tsinke igiya. Tsohon ya dafe kunnuwansa da hannu biyu, ya kalli ɗansa ya ce, "Me na yi maka?" Daga nan ya ja jiki ya shige zaure. Na ji kunya ranar, amma maimakon in yi shiru sai na hau faɗa, wai jitar ce ba ta da kyau.

Malam ya mayar da jitarsa cikin buhu. Da kasuwa ta zagayo sai ga shi ya dawo. Ya ce in fito masa da duk wata amfilifaya da nake da ita, har waɗanda na jefar a ƙarƙashin tebur. Na fito da uku ina ƙunƙuni. Ya ce, "Injiniya, Baba ba ƙara ya rasa ba. Yana jin tsawa, yana jin turmi. Abin da ya daina ji shi ne bambancin wannan da wannan." Ya taɓa waya biyu a jere. "Naka ƙahon dama su yake yi wuri ɗaya kamar kunu."

Ban taɓa ganin mai saye irinsa ba. Kowa in ya zo, maɓallin ƙara yake murɗawa har ƙarshe ya ji iyakarta. Shi kuwa sai ya rage, ya kaɗa waya ɗaya tak, ya sa kunne yana bin sautin har ya mutu. Ta farko ya ce tana huci ko ba a taɓa komai ba. Na saurara, wallahi tana yi, shekara nawa ban lura ba. Ta biyu ya ce tana ƙara wa jitar kitsen da ba nata ba. Ta uku wata 'yar akwati ce mai wat biyar da na harhaɗa da kaina daga cikin wata matacciyar rediyo, batirin babur ke tayar da ita, kuma ni kaina raina ta nake yi. Ya murɗa ta sama, ta fara tsagewa. Ya dawo da ita ƙasa da rabi ya tsaya. Sautin ya fito garau, kowace waya da muryarta, kuma in ya ɗaga hannu sai ka ji shiru na gaske. Ya daɗe yana maimaitawa, masu awon gero suna leƙowa suna dariya.

Na ce, "Malam, wannan ko akuya ba za ta kora ba."

Ya ce, "Ba akuya na zo kora ba."

Haushi ya kama ni, amma a raina na san mutumin nan ya fi ni sanin sana'ata, kuma tun daga ranar nake girmama shi.

Na bi shi ƙauyen don in ga ƙarshen abin. Bayan la'asar ne. Da ƙyar ya shawo kan tsohon ya fito, don yana hango ni ya ɓata rai. Malam ya durƙusa ya ajiye akwatin a kan wani turmi da aka kifa, daidai kunnen Baba na dama, wanda ya fi ɗan ji. Ya fara da taken gidan liman. Tsohon bai motsa ba. Can sai na ga babban yatsansa, wanda ya ƙage, yana ɗan motsi a kan gwiwa. Aka yi na gidan mahauta, ya gyaɗa kai. Sai Malam ya shiga na maƙera, da ya zo tsakiya ya cike gurbin da abin da ya ƙaga da kansa.

"Tsaya!" in ji tsohon. "Wa ya ce ka zuba shirme a nan?"

"Baba, shi ne wurin da na manta."

"Ba ka manta komai ba. Nan ba a kaɗawa. Ɗaga hannu ake yi, mai gida ya amsa. Shekara nawa kana karatu ba ka san wannan ba?"

Hedimasta guda, mai furfura a gemu, ana yi masa faɗa a gaban baƙo, amma fuskarsa kamar an yi masa albishir. Ya goge ido da hannun riga ya ce, "To Baba, bugu nawa ake jira?"

"Sake daga farko. Zan nuna maka."

Ya sake. Da ya iso wurin ya ɗaga hannu, akwatin ta yi tsit. Babu maƙeri ko ɗaya a garin da zai amsa. Tsohon ya miƙe wuya, ya buɗe baki, ya yi ihun amsawar da amininsa marigayi, tsohon maƙeran nan, ya saba yi, da iyakar muryar da ta rage masa. Sannan ya ce wa ɗansa, "Yanzu shiga."