Lambar Motar Baba

Ni ce na sa wayifai a gidanmu na Ayigya Zango, saboda sana'ata ta sayar da mayafai da atamfa, wadda rabinta a waya take. Da mai haɗawa ya ce in zaɓi lambar sirri, sai na ba shi lambar motar Baba, tsohuwar motar kayan da ya yi shekaru yana lodi da ita a kasuwar Race Course. A ganina ba wanda zai yi tunaninta. Wayo ke nan irin nawa.

Bayan wata biyu Baba ya rasu, Mma ta shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma ba ta zuwa ko bakin titi, matar da a da ba a suna ko biki a Zango ba ta je ba.

Kowa ya san yadda ake yi: ana gama addu'ar arba'in, masu gaisuwa sai su ɗauke ƙafa. Mu kuwa a gidanmu sai ƙaruwa suka yi. Da an sallame la'asar za ka ga mata suna shigowa, kowace da mayafinta da fuskar tausayi. Su ce, "Hajiya, ya haƙuri?" su zauna kan tabarma, su sunkuyar da kai. Na leƙo ta taga na ga kawuna a sunkuye, har na ji ƙwalla. Na ce lallai akwai sauran masu imani a duniya. Har da wata maƙwabciyarmu mai sayar da koko, wadda ta shekara uku ba ta amsa sallamar Mma saboda rigimar kwata. Ita ce ma take riga kowa zuwa.

Sai wayifai ya fara ciwo. Hoton mayafi ɗaya sai ya yi ta juyawa har mai saye ta gaji ta tafi wani wuri. Na buɗe jerin wayoyin da ke kansa. Mu uku ne muke amfani da shi a gidan, amma na ga goma sha huɗu.

Ɗaliban jami'a da ke haya a ɗakunan baya na fara tarewa. Ɗayansu ya dafa ƙirji ya ce, "Anti, wallahi ba mu ba ne koraa, ko kaɗan. Mu a makaranta muna da namu, free." Ban yarda ba, sai da na lura baƙin wayoyin nan suna da tarbiyya: su zo bayan la'asar, su tafi da kiran magariba. Washegari na ratsa ta bayan masu gaisuwa da butar shayi. Mai koko tana kallon yadda ake ɗaurin ɗankwali. Ta kusa da ita tana hira da ɗanta na Italiya. Addu'ar da ake yi wa Baba ke nan.

Raina ya ɓaci ƙwarai. A ranar na canza lambar, na sa wadda ni kaina sai na duba takarda.

Rana ta farko suka zo, suka yi ta latse-latse, suka tashi da wuri. Ta biyu mutum uku. Ta uku ba kowa. Cutar gwiwa ta sauka a unguwarmu lokaci guda, har mai koko ta aiko a ce ƙafa ta hana ta motsi, alhali da safe na gan ta tana bin motar haya, trotro, da gudu. Wayifai kuwa ya warke sarai. Ina ɗaki ina tura hotuna kamar walƙiya, ina jin daɗin kaina.

Rana ta biyar na fito ɗiban ruwa, na tarar Mma ta shimfiɗa tabarmi uku kamar kullum, ta dafa shayi cike da buta, tana zaune ita kaɗai tana kallon ƙofa. Saura mata wata biyu cur.

Na ce, "Mma, kin ga mutanenki ko? Ba don ke suke zuwa ba. Wayifai suke sata."

Ta ce, "Sata? Ni na ba su. Kin zaci akwai wanda ya fi ni sanin lambar motar nan?"

Na tsaya da bokiti a hannu.

Ta ce, "Na san abin da ke kawo su, ban tsufa haka ba. Amma suna zama. Wata ta yi dariya, wata ta nuna min jikanta, in ji motsin mutane har magariba." Ta ɗaga murfin butar ta mayar. "Ke da kike da lambar tun farko, sau nawa kika zauna a nan?"

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na shiga ɗaki na mayar da lambar motar Baba. Ban aika wa kowa ba, amma washegari gwiwoyin unguwa duk suka warke, mai koko ce ta fara sallama. Na ɗauko tabarma ta huɗu na shimfiɗa kusa da Mma, na bar wayata a ɗaki.