Malamin da Aka Mayar Ɗan Duba

Malam Mas'ud Gide Ketare, ranar 9 ga Mayu, 2022. A ranar ce kalma guda ta raba shi da ɗalibansa.

Malamin kimiyya ne a wata sakandare ta ƙasar Ƙanƙara, kuma ya yi karatun sararin samaniya. Kowace Laraba bayan la'asar yakan koya wa ɗalibai cewa taurari garke-garke suke, kuma garken da sababbin taurari ke samuwa a cikinsa yana da alamomi biyu. Ta farko haske ne da ido ba ya gani, mai fitowa daga ƙurar da taurarin suka ɗumama, kamar zafin garwashin da toka ta rufe. Ta biyu igiyoyin rediyo ne, masu tasowa bayan manyan taurari sun fashe. Idan ɗaya ta ƙaru, ɗayar ma takan ƙaru.

A ranar 9 ga Mayun ce wani gidan rediyo ya gayyace shi. Mai gabatarwa, Bilya, ya buɗe shirin da cewa, "Yau muna tare da malamin da ke duba taurari, ya faɗi inda za a yi haihuwa."

"Nazari nake yi, ba duba ba," in ji Malam.

"Haba Malam, ai duk kanwar ja ce," in ji Bilya yana dariya.

Ba kanwar ja ba ce. Duk wanda ya sha Hausa a nono ya san aikin ɗan duba, kuma wanda aka danƙa wa makirfo ya fi kowa cancantar sani.

Washegari Hajiya Hamida, maƙwabciyar Malam, ta yi sallama tare da surukarta. "Malam, a duba mana. Tun da aka kawo ta shiru."

"Hajiya, samuwar taurari na ce, ba haihuwar mutane ba."

"To, wanda ya san ta sama, ta ƙasa ce za ta gagare shi?"

Kafin Juma'a iyaye sun fara janye 'ya'yansu, suna cewa ba bokanci suka tura su koyo ba. Shugaban makarantar, wanda ya san gaskiyar maganar sarai, ya dakatar da darasin wai har hankula su kwanta. Malam ya taka har gidan rediyon neman a gyara kalmar, aka ce masa shiri ya riga ya wuce. Bilya kuwa ko tari ba a yi masa ba.

Da zangon karatu ya ƙare aka mayar da Malam wata makaranta a garin Damari. Tsohon farantin satalayit da ya fara gyarawa domin ɗalibai su kamo igiyoyin rediyon garken taurarin da duniyarmu ke ciki da hannunsu yana nan jingine a bayan ajinsa, ba a ɗaura masa waya ba.