Ranar da Man Ƙosai Ya Buɗe Bakina

Ina tsakiyar littafin soyayya, saurayin ya durƙusa ke nan, sai na ji ihun Mma. Man ƙosai ya zubo mata a hannu.

Hajiya maƙwabciyarmu ta taho da ɗanyen ƙwai za ta shafa mata. Ni da ko gaisuwa kaina a ƙasa nake yi, sai ga ni na tare ta.

"Hajiya, don Allah a'a! Ruwan famfo kawai, na karanta a shafin likitoci."

Hajiya ta ce, "Ei, yau bebiya ta yi magana?" Ni dai na kai hannun Mma ƙarƙashin famfo.

A asibitin Bantama nas ta ce, "Wa ya sa ruwa? Ya ceci fatar nan."

Mma ta nuna ni. Wallahi ko jarumar littafina ba ta kai ni jin daɗi ba.

Ku a gidanku me ake shafa wa ƙuna?