Rakiyar da Na Riƙa Katse wa Tsohon Mai Majigi

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ni ɗalibi ne a jami'a, ina shekarar ƙarshe, kuma duk wanda ya san ni a lokacin zai shaida cewa ba ni da baki. Ina zaune da mahaifiyata a Tudun Jukun, inda muka tare bayan rasuwar mahaifina ta raba mu da ƙauye. Daga gida sai aji, daga aji sai laburare. Idan mutane suka taru muryata maƙalewa take yi, amma idan aka ba ni aikin takarda ba na ajiye shi sai na ga babu inda ya karkace. Abu biyu nake alfahari da su, tsabtar aikina da ladabina ga manya. Na rubuto wa wannan mujalla ne don in ba da labarin yadda na biyun ya jawo mini asarar da har yau nake jin ta a raina.

Da lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, malamin da ke duba aikina ya tura ni cikin birni, wajen Ƙofar Kuyambana, gun wani dattijo da ya daɗe yana shirya finafinan wayar da kai tun zamanin Jihar Arewa, irin waɗanda motar majigi ke yawo da su ƙauye-ƙauye ana haskawa a jikin farin ƙyalle. Shi ne mai ba da umarni, shi ke cewa a tsaya nan, a dubi can. Malamina ya ce ba wanda ya taɓa zama ya ɗauki tarihinsa, ga shi tsufa ya fara cin ƙarfinsa. Na ari rekoda, na tsara tambayoyina bi da bi, na hau kekena.

Na same shi a zaurensa bayan la'asar, gajeren mutum mai farin gemu, wanda in zai dube ka sai ya kanne ido ɗaya kamar yana auna ka. Na durƙusa na gaishe shi, na kasa ɗago kai, na yi ta in'ina wajen faɗin abin da ya kawo ni. Ya yi dariya ya ce wa dattawan da ke zaune su ga ikon Allah, an aiko masa ɗan jarida wanda rekodarsa ta fi shi surutu. Daga ranar ya sa mini suna Malam Shiru. Ya sa aka kawo mini kunun tsamiya, ya ce in ban shanye ba ba zai amsa ko tambaya ɗaya ba. Tun a zaman farko na ji ya kwanta mini a rai, don tun rasuwar mahaifina babu babban da ya taɓa tsokanata haka.

Sai dai hirar ba ta tafiya. Zauren ba ya rabuwa da mutane, musamman wani tsoho mai ɗaure fuska da carbi a hannu, wanda aka ce mini yayan matarsa ne da ta rasu tun da daɗewa. Duk abin da na tambaya, amsar ɗaya ce: aikin gwamnati ne, an ce su yi, sun yi. Da na tambaye shi fim ɗin da ya fi so, sai ya ce duk ɗaya suke, ya juya ya shiga zancen tsadar taki da maƙwabcinsa. Ban tsaya na yi tunanin cewa a cikin birni a wancan lokaci in an ce fim, gidan sinima da 'yan iska mutane ke tunawa ba, kuma shi yanzu Alhaji ne mai tsayawa a sahun gaba. Ni dai ina komawa gida in saurari kasat, in ji babu komai a ciki sai sunayen ofisoshi da tarin tsofaffi.

Kullum in na miƙe zan tafi, sai shi ma ya miƙe ya ce bari ya taka mini. Ina tura keke yana biye da ni har kwanar farko ta lungun, a nan sai kunya ta kama ni. Dattijo sa'an kakana yana tafiya saboda ni? Sai in tsaya in rusuna in ce don Allah Baba ya koma haka nan, na gode, rakiyar ta isa. Yakan ce ai ƙafar ma tana son motsi, ni kuwa in dage, in ƙara rusunawa, har in haɗa shi da Allah. Sai ya tsaya ya dubi sama wajen yamma, ya dube ni, ya ce to Malam Shiru, Allah ya kai mu. Haka muka yi ta yi, mako na bin mako, damina ta faɗi har gero ya fara fitar da kai, ni kuwa ina hawa keke ina jin daɗin cewa na nuna tarbiyya.

Mahaifiyata ce ta buɗe mini ido. Wata rana tana tsince shinkafa na zauna ina yi mata ƙorafin cewa aikina zai lalace, tsohon ba ya magana. Don in nuna mata ba laifina ba ne, na ƙara da cewa ina girmama shi ƙwarai, ko rakiya ba na barin ya wuce kwana. Sai ta ɗago ta tambaye ni me yake sawa a ƙafa in zai raka ni. Na ce takalmin fata mai rufi, har shiga ciki yake yi ya sauya hula ya ɗauko sanda. Ta ajiye faifan ta yi ta dariya, ta ce lallai boko ya cinye mini wayo. Ta ce mai rakiyar ƙofa da silifas ɗin alwala yake fitowa, wanda ya sa takalmi mai rufi ya ɗauki sanda kuwa akwai inda yake so ya kai ka. Ta ce maganar da babba ba zai iya yi a gaban surukinsa ba, a hanya yake yin ta, ni kuma kullum ina kora shi gida da ladabi.

Washegari da muka kai kwanar nan, ya rage tafiya yana jiran abin da na saba faɗa. Na danne harshena na ci gaba da tura keke. Ya kanne ido ya dube ni, ya ce yau dai Malam Shiru ya yi shirun da ya dace. Muka bi lunguna yana amsa gaisuwa, har muka fita wajen ragowar tsohuwar ganuwa, kusa da wani kududdufi da tsamiya a bakinsa. Rana ta yi sanyi, haskenta ya kwanta a jikin jar ƙasar. Ya ce abin da yake ta sauri mu riska ke nan, don shi ba ya iya ba da labarin fim sai yana tsaye inda ya ɗauke shi, a hasken da ya ɗauke shi. Na kai hannu jaka zan fito da rekoda, ya ce in bar ta ta huta, wannan na kunne ne.

Ya ce an taɓa sa shi ya shirya fim kan ciwon kurkunu, a nuna wa mutane su riƙa tace ruwan sha. A lokacin babu macen da za ta tsaya gaban kyamara, maza ake ɗaura wa zane. Sun gwada da wani direbansu, amma da aka matso da hoton kusa, sai ga hannu kamar na mai faskare, har su kansu suka kasa tsayawa don dariya. Ya koma gida ran nan a ɓace. Matarsa, suna da ƙuruciya a lokacin, ta yi masa dariya son ranta, sannan ta ce ita za ta yi, muddin ba za a ga fuskarta ba. Ta lulluɓe ta fito da sunan za ta barka, ya sallami kowa ya riƙe kyamarar da kansa. A gindin tsamiyar nan ta ɗaura farin ƙyalle a bakin tulu ta zuba ruwa, hannunta ya sha lalle. Da ya ce ta sake, sai ta ce ya yi ta ba da umarninsa a nan, in an koma gida za ta karɓi mulkinta.

Sannan ya ce ba ta yi tsawon kwana ba, kuma ko hoto ɗaya ba ta taɓa ɗauka ba. Bayan rasuwarta yakan bi motar majigi zuwa ƙauyuka, alhali ba aikinsa ba ne, ya tsaya can baya cikin jama'a don kawai ya ga hannuwan nan. Arewa kaf ta kalle su, ba wanda ya san na wace ce, har yayanta da ke zama a zaurensa. Gwangwanayen fim ɗin kuwa sun lalace a ma'ajiya. Ya ce yanzu mu biyu ke nan muka sani. Da ya ga idona ya kawo ruwa, sai ya zungure ni da sanda ya ce kada in ɓata masa labari da kuka, akwai na dariya a Ƙofar Kibo, inda jaki ya taɓa gudu da na'urar ɗaukar magana. Ya ce kowane fim da wurinsa, zai zaga da ni duka.

Ba mu zaga ba. Da na koma, na tarar ƙafafunsa sun kumbura, an mai da shi ɗakin da ke bayan zaure, masu dubiya suna shiga suna fita, surukin nan nasa yana zaune a gefensa ba ya motsawa. Na ci gaba da zuwa, ba rekoda, in zauna kusa da ƙafarsa. Ranar da na gan shi ta ƙarshe, da na miƙe zan tafi, ya dubi takalminsa na fata a bakin ƙofa, ya dube ni, ya yi murmushi. Ya ce to Malam Shiru, yau ka sami abin da ka daɗe kana roƙo, daga nan zan koma. Mutanen ɗakin suka yi dariya. Ni kaɗai na san abin da yake nufi, na fita na tura kekena har Tudun Jukun ban iya hawa ba.

Kundina ya sami yabo, amma babu shi a ciki, sai sunayen ofisoshi. Labarin hannuwan ban sa ba, don na kunne ya ba ni, yanzu ma na faɗa ne saboda duk waɗanda abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ke damuna shi ne sauran labaran da ya ɗauko mini kullum har kwanar lungu, na sa ya koma da su. Na ɗauka ladabi shi ne in rage masa wahala, ban san dama nake hana shi ba. Ku matasa masu zuwa gun tsofaffi da tambayoyinku a tsare, ku riƙa lura da abin da ba su faɗa a zaure ba. In babba ya sa takalmi ya ce zai taka muku, ku bar shi ya taka har sai shi da kansa ya tsaya. Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa shi da mai lallen nan a Aljanna.