Waken Iri a Daron Malam

Ina aji biyu a ƙaramar sakandaren garinmu, can gefen Zakirai, na fara ganin ƙasan rumbunmu. Kafin nan ban san yana da ƙasa ba. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke da wuri, hatsi ya gagari talaka, kuma tun kafin ruwan farko ya sauka Inna ta shiga share gindin rumbu da tsintsiya tana tankaɗe abin da ta samu. Lokacin da gero ya kai gwiwa a gona, yawancin gidaje sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini, sauran kuwa kwaɗon rama ne da tafasa.

A shekarar aka turo mana sabon malamin kasuwanci daga birni, saurayi siriri mai tsohon keke. Shi a wurinsa ba a koyon ciniki da alli, kullum maganarsa gani ya kori ji. Sai ya fito da mu gindin darbejiya ya kafa kasuwa. Murafun kwalaben lemo su ne kuɗi, yashi a kwano shi ne gero, wasu su zama dillalai, wasu fataken Dawanau. A nan muka koyi tayi da albarka, da yadda ake kama hannun mai awo idan ya danne kwano da babban yatsa. Ni na fi kowa baki a kasuwar nan, kuma na fi kowa son a ce na iya. Wannan halin har yau bai gama sakina ba.

Wata ranar Laraba ya ce gobe za mu kafa kamfani, kuma yashi ya isa haka, don ba wanda asarar yashi ke yi wa zafi. Kowa ya kawo waken da ya samu, ko rabin gwangwani ne, a juye a daro ɗaya, shi ne hannun jarinsa. In an tashi kasuwa a raba har da riba. Sai da na girma na gane cewa ribar nan daga albashinsa ya saye ta, dabara ce ta shigar da abinci gidaje ba tare da an kunyata kowa ba.

A gidanmu ko ƙwayar waken ci babu. Ban ma tambayi Inna ba, na san amsar. Amma a ɗakin Baba akwai wani tulu da aka liƙe bakinsa da laka, cikinsa waken iri ne da yake jira ya shuka a tsakanin gero. Tun ina ƙarama aka hana mu taɓa shi, ni kuwa na ɗauka don iri ne kawai. Na yi lissafina irin na ɗalibar kasuwanci: in ɗebi gwangwani uku, in mayar da huɗu, wa ya yi asara? Da safe Baba na fita gona na fasa lakar. Waken ya yi fari fat da wani gari, na ce a raina toka ce, irin wadda Inna ke zubawa don ƙwari. Wani wari ya soki hancina, na ji shi sarai, amma na ƙulle waken a gefen hijabina na wuce. Zuwa hannu rabbana a gaban 'yan ajinmu ya fi mini warin nan ciwo.

Mu tara ne muka kawo, kuma nawa ya fi na kowa yawa. Da na juye a daro Malam ya tambayi ƙurar, na ce toka ce. Ɗan birni ne, sai ya gyaɗa kai ya sa hannu ya cakuɗa nawa da na kowa da nasa. Aka naɗa ni shugabar kamfani saboda girman jarina, na yini ina hura hanci. Da aka tashi ya raba. Wadda muke zama benci ɗaya da ita, yarinyar da mahaifinta ya rasu bara, rabin gwangwani ta kawo, amma hannun Malam ya yi nauyi a kanta har ta tafi da kusan biyu. Ko jirana ba ta yi ba, da gudu ta nufi gida.

Ina shiga gida na tarar da Baba tsugune a gaban tulun. Ruwan da aka yi daren jiya ya jiƙa ƙasa, ya dawo da wuri don ya ɗauki irin ya shuka da yamma. Ni ce 'yar fari, ba ya kiran sunana, bai kuma taɓa ɗaga mini hannu ba. Don haka da ƙarfin hali na kwance ƙullin na nuna masa huɗu a madadin uku, ina zuba bayanin hannun jari. Ya ɗebo waken ya shinshina, ya tambaye ni ina sauran. Na ce an cakuɗa an raba, kowa ya kai gidansu. Ya miƙe tsaye a hankali.

"Ba toka ba ce," in ji shi. "Maganin ƙwari ne, kuma ninki biyu na zuba, don na shuka ne ba na ci ba. Gida nawa?"

Na ce takwas. Baba ya ɗaga kai ya dubi rana. Azahar ta wuce, kuma ni da shi mun san a irin shekarar nan gidan da wake ya shiga ba ya jiran yamma.

Muka biya ta ɗakin da Malam ke haya. Baba bai zage shi ba, a tsaye ya faɗa masa a taƙaice. Malam ya dubi hannunsa da ya yi cakuɗar. Uku daga cikin yaran a wani ƙauye suke, a hayin rafi, ya hau kekensa ya nufi can ko takalmi bai saka daidai ba. Saura gida biyar a cikin gari. Maza duk suna gona, mata ne kaɗai a ciki, kuma namiji ba ya wuce zaure ko da gobara yake zargi sai an yi masa iso. Baba ya ce aike ba zai yi ba, a irin wannan lokaci ba matar da za ta miƙo abinci don wani ya leƙo ya ce an ce. Ni zan shiga kowane gida in faɗa da bakina abin da na yi, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

A gida na farko waken na nan a ƙulle. Matar ta wurgo mini shi, ta bi ni da zagi har zaure, kuma ban ga laifinta ba. A na biyu an riga an jiƙa za a yi alala, muka kwashe har ruwan. A na uku wata tsohuwa ta kafe cewa ba wani wake da ya shigo gidan, alhali jikarta na tsaye tana sunkuyar da kai. A ganinta mun yi kyauta ne muka dawo muna da-na-sani. Na rantse, na yi kuka, ta ce hawayen yara ba ya mata komai. Sai da Baba ya ɗaga murya daga zaure ya haɗa ta da Allah, sannan ta jawo waken daga ƙarƙashin gado tana ƙunƙuni. Mun ɓata lokaci mai yawa a wurin nan, har na ji kamar in fizge in gudu. Muna fita daga gida na huɗu aka kira la'asar. Baba da jam'i ba ya wuce shi ko waiwayar masallaci bai yi ba.

Gida na biyar shi ne na abokiyar zamana, a can ƙarshen gari. Na ce wa Baba don ya fi nisa na bar shi ƙarshe, amma gaskiya tsoron shiga gidan nake ji, kuma shi ya kamata mu fara zuwa. A bakin lungu Malam ya cim mana jiƙe da gumi, da ƙullin yaran uku a bayan keke, ba a taɓa ko ɗaya ba. Bai gama hamdala ba ƙanshin dafaffen wake ya tarye mu. Su biyun suka tsaya a zaure, na shiga ni kaɗai.

Tukunya na kan murhu, an zare itace, wake ya nuna har ya fara fashewa. Ƙannenta huɗu suna zaune a tabarma kowa da kwanonsa. Abokiyata na daka yaji, ta ganni ta yi murmushi, ta ce shugabar kamfani ta zo a kan gaɓa. Mahaifiyarsu na riƙe da ludayi. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni. Na tambaya ko wani ya ci. Ta ce ita ce ta ɗanɗana ƙwaya biyu don ta ji ko ya nuna, yara ba su taɓa ba, tana jira ya huce. Ta dubi tukunyar, sannan ta ce sau uku ta wanke shi, har ruwan ya fita tas.

Baba ya jiyo daga zaure. Ya ce ko sau goma aka wanke ba ya ciwuwa, maganin ya yi watanni yana shiga ƙwayar. Ya ce ta sha manja yanzu, kuma in an yi magariba zai aiko da abin da aka dafa a gidanmu. Ta amsa ba tare da ta ɗaga murya ba cewa ta san abin da ake dafawa a gidanmu, rama ce kamar tasu. Malam ya fara cewa gobe da safe zai je kasuwa, ta ce Allah ya kai mu goben, yaran nan tun jiya da rana rabonsu da hatsi. Abokiyata ta ajiye taɓarya, ta kalle ni kallon da har yau nake gani.

Uwar ta ajiye ludayin a kan murfi ta juyo gare ni.

"'Yar nan, hannuna ba zai iya ba. Ke kika kawo, ke za ki zubar. Ki binne da kyau, akwai kaji."

Ta shige ɗaki ta saki labule. Na haƙa rami da fartanya a bayan bukkar girki, na naɗe hannuna da hijabi na ɗauko tukunyar, na bi ta gaban tabarmar yaran don ba wata hanya. Manyan uku sun ji komai, suka bi ni da ido kawai. Ƙaramin bai fi shekara uku ba, shi bai gane ba. Ya tashi da kwanonsa ya biyo ni, da ya ga na karkata tukunyar sai ya miƙo shi da hannu biyu, ya ɗauka rabo na fara.

Na tare shi da gwiwar hannu na ci gaba da juyewa, ina tura ƙasa da ƙafa, shi kuma yana zagayowa ta ɗaya gefen yana ce mini, "Yaya, ni ma."