Ragowar Tukunyar Gwaggo

Gwaggo, ƙanwar babana, ta yi rabin rayuwarta a kicin ɗin asibiti tana dafa wa marasa lafiya abincin da ba gishiri ba mai. Da ta yi ritaya sai ta rama. Sanyi na shigowa za ka gan ta ta dawo daga kasuwa rungume da kabewa kamar jariri, jakarta cike da karas da kabeji da dankali, ga ƙashi daga wajen mahaucin da ta yi shekara da shekaru tana yi wa tsiya amma ba ta taɓa canza shi ba. A wajenta na zauna lokacin da na fara aiki, a ɗaki biyu a saman wani tsohon bene.

Ba ta gayyatar kowa. Ta ɗora babbar tukunya da hantsi, ta dake citta da tafarnuwa, ta bar romo ya yi ta dahuwa har gilashin taga ya yi gumi. Da yamma mutane su fara hawowa suna murza hannu: telan ƙasan bene, malamar da ke ɗakin gefe, wani lokaci baƙon da rabonsa da gidan an manta. Ba ta awo, ba ta tambayar mutum nawa za su zo. Amma ludayin ƙarshe kullum a kwanon mutum na ƙarshe yake ƙarewa, ba ragi ba ƙari.

Na taɓa tsokanar ta. "Gwaggo, ko dai aljanu ke kawo miki lissafi?"

"Aljanun gidanku," in ji ta. "Hannu ne. In ya gaji da yanka, na ajiye wuƙa."

Wata rana kowa ya ci ya ƙoshi, sai ga ragowa a gindin tukunya, daidai kwano ɗaya. Gwaggo ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta juye ta wanke tukunyar. Tela ne bai hawo ba ranar, kuma bai sake hawowa ba, don da safe aka same shi kife a kan keken ɗinkinsa. Daga baya ta gaya mini, murya ƙasa-ƙasa, cewa haka aka yi shekarar da mijinta ya rasu. Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba.

Sanyin da ya biyo baya aka sake samun ragowa. Muka duba ɗakin, kowa na nan sai Yaya, ɗanta ɗaya tilo, direban babbar mota, wanda ya ce zai iso ranar. Na kira wayarsa, a kashe. Na miƙa hannu zan ɗauke tukunyar, Gwaggo ta buge mini hannu da ludayi.

"Wa ya ce miki an gama ci? Makara ya yi."

Ta mayar da tukunyar kan wuta. Washegari ta ƙara ruwa da karas, rana ta uku ta ƙara kabewa. A ganinta muddin ba a wanke tukunyar ba, cin abincin ranar bai ƙare ba, Yaya kuma yana hanya. Kullum ta tafasa ta, kullum ta ciyar da duk wanda ya hawo, kullum kwano ɗaya ya rage. Kamfanin motar suka ce su ma nemansa suke. Maƙwabta suka fara ɗauke ƙafa, masu zuwan ma suna ci suna satar kallon tukunyar. Ita kuwa ta rame, ba abin da ke shiga cikinta sai shayi da ɗan abin da ta ɗanɗana a bakin ludayi. Na yi faɗa, na yi lallashi, duk a banza.

Sanyi ya fara sauƙi lokacin da muka ji takun sanda a matakala, wata yamma. Yaya ne, da bandeji a kai. Motarsa ta faɗi a wani wuri mai nisa, ya daɗe a asibiti bai san inda kansa yake ba. Na fashe da kuka. Gwaggo ko rungumar sa ba ta tsaya yi ba, ta zaunar da shi, ta cika masa kwano, ta tsaya a kansa sai da ya shanye.

"Inna, gishiri ya yi yawa," in ji shi, muka yi dariya har da hawaye.

Ta zuba mini, ta zuba wa malama da jaririyarta a cinya. Na ci na ƙoshi, rabon da in ji daɗin abinci haka har na manta. Sai na je ɗauke tukunyar, na leƙa ciki. Kwano ɗaya na nan a gindinta.

Gwaggo ta zo ta leƙa ta bayana. Ta juya ta dubi Yaya, ta dube ni, ta dubi malama, idonta ya daɗe a kan jaririyar. Sannan ta ɗauko kwanonta, ta juye ragowar tas, ta rufe da faranti.

"Nawa ne," ta ce. "Kar wanda ya taɓa."

"To ki ci mana, Inna, tun da zafinsa."

"Ba na jin yunwa, ɗan nan."

Na ɗauki cokali na ce sai ta ci ko da loma ɗaya ce. Ta karɓe cokalin daga hannuna a hankali, ta ɗora kwanon a saman kabad inda hannuna ba ya kaiwa. Ta naɗe hannun rigarta, ta wanke tukunyar da kanta tana 'yar waƙa, ta goge ta, ta kife.

Ba ta kai ƙarshen watan ba.